Sandar tsani, sanda huɗu, ko gyara na kamfani: wanne zai sa motarka ta kama ƙasa a tashin farko?

Filin tseren miƙe mita 402 ne, wato rubu'in mil, wani lokaci rabinsa, mita 201. Amma tun a ƙafa 60 na farko, mita 18 da 'yan kai, ake gane wanda zai ci. Masu harkar sun daɗe da lura cewa in ka rage kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a wannan ɗan taƙi, ragin yakan kusan ninkawa kafin ƙarshen layi. Shi ya sa wanda ya gama zuba kuɗi a inji, ya ga taya na tuƙa hayaƙi mota ba ta gaba, yakan nufi Apo, unguwar kanikawa a Abuja, neman mafita, ya dawo da shawara uku masu karo da juna: wannan ya ce a yanke bayan motar a sa sanda huɗu, wancan ya ce sandar tsani ta isa, na uku ya ce kada a taɓa komai sai shokazoba. Sanda huɗu da sandar tsani duk tsare-tsare ne na sandunan da ke haɗa aksul ɗin baya da bodi.

Bayanin nan na motocin da ke tura kansu da tayar baya ne: BMW, Marsandi, Lexus IS da GS, Mustang, Charger, Hilux, akori-kurar 504. Mai Camry ko Accord ko Golf lissafinsa daban ne, domin nauyi gudu yake yi daga kan tayar da ke jan motarsa. Kuma duk gwajin da za a ambata na filin da aka rufe da izini ne, ba na titin filin jirgi ko hanyar Kubwa ba, inda jama'a ke tsallaka titi dare da rana.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota

Da mota ta zabura, nauyi yana komawa baya. Yawan abin da zai koma ba ruwansa da irin sandunan da ka ɗaura. Abu huɗu ne ke yanke shi: nauyin mota, ƙarfin zaburar, tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa, da tazarar tayar gaba da ta baya. Ɗauki mota mai kilo 1,400, tazararta milimita 2,700, cibiyar nauyinta milimita 520 daga ƙasa. In ta zabura da ƙarfin da ya yi daidai da maganaɗisun ƙasa, kusan kilo 270 ne zai ƙaru a kan tayoyin baya. Aikin sifirin da sanduna da shokazoba shi ne su tsara yadda wannan nauyi zai sauka: da duka ɗaya kamar guduma, ko a hankali a kuma riƙe shi.

A motar da ke da aksul guda, ka tsaya a gefe ka ja layi a zuci daga sandar sama da ta ƙasa zuwa gaba. Inda layukan biyu suka gamu shi ne mahaɗa, kuma ta nan aksul ke tura mota. Sai ka ja wani layin daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa saman aksul ɗin gaba, daidai tsayin cibiyar nauyi. In mahaɗa ta faɗi a kan layin, hana-durƙuso, wato ƙarfin da sanduna ke hana bayan mota durƙusawa da shi, kashi 100 ke nan, bodi ba ya ɗagawa ba ya durƙusawa. In tana samansa, bodi zai rabu da aksul ya danna taya ƙasa da ƙarfi. In tana ƙasansa, mota za ta durƙusa. A motar misalinmu, mahaɗa mai nisan milimita 1,200 gaba da tayar baya da tsayin 230 daga ƙasa tana ba da kusan kashi 100. Ka matso da ita zuwa 1,000 ka ɗaga ta zuwa 280, lissafi ya haura kashi 145.

A nan ne gizo ke saƙa. A filayen Amurka ana fesa wa layi sinadarin manne, ga roba ta taru a kai, taya na iya shanye duka mai tsanani. Kwaltarmu ba ta da wannan gata. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na kwance a kanta, a watan Maris rana ta gasa ta, da damina kuma ruwa ya wanke ɗan robar da ta taru. A irin wannan ƙasa, duka mai ƙarfi yana murƙushe taya, ta yi tsalle ta dawo, bayan mita ɗaya ko biyu ta saki. Abin nema shi ne nauyi ya sauka ya zauna. Don haka saitin da ka gani a bidiyon waje ba lallai ya yi maka aiki a Abuja ba.

Ma'aunin zaɓi

Abu biyar za a auna kowane tsari da su. Na farko kuɗi, kuma ba farashin kayan kawai ba, har da kuɗin dako, kwastan, walda da abin da canjin dala zai ƙara. Na biyu ƙarko, musamman in motar za ta riƙa taka ramuka da tudun rage gudu. Na uku sauƙin ɗaurawa da sauƙin saiti, domin akwai tsarin da ba ya aiki sai da sikeli da ma'aunin kusurwa. Na huɗu haɗari: me zai faru in wani abu ya karye a kan gudu? Na biyar, shin motar za ta ci gaba da kai yara makaranta, ko ta zama ta tirela zuwa fili kawai?

Zaɓi na ɗaya: a bar tsarin kamfani a gyara shi

Da yawa daga motocin da aka ambata a sama kowace tayar baya da ƙafarta take, babu aksul guda. BMW E30, E36 da E46 haka suke, haka Marsandi 190 da ta zo da sanduna biyar a kowane gefe tun 1982, haka Lexus, Charger, da Mustang daga 2015. Matsalarsu biyu ce. Ta farko, difarenshal a jikin bodi yake ɗaure, saboda haka murɗin da ke danna taya a aksul guda ba ya isa gare ta, mota sai ta durƙusa. Ta biyu, in ta durƙusa saman tayoyi na karkata ciki, taya mai faɗin milimita 255 ta koma tana taka ƙasa da gefenta na ciki kawai. E30 ta fi kowa wannan hali.

Maganin ba ya buƙatar yanka. A miƙar da karkatar taya ta dawo kusan sifili, ko rabin digiri. A ɗan ƙara taurin sifirin baya da taurin shokazoba wajen matsewa don rage durƙuso. A cire bushin ɗin roba na gadon baya, wato firam ɗin da ke riƙe ƙafafun baya, da na difarenshal a sa mai tauri, domin robar da ta tsufa ita ce tushen tumar taya, wannan girgizar da ke karya dirabshaf, sandar da ke kai juyi daga difarenshal zuwa taya, ta kuma fasa difarenshal. Kada a sauke motar ƙasa don ado, saukewa tana ƙara karkata tun kafin a tashi. Mai E46 kuma dole ya duba ƙasan bodi inda gadon baya ke ɗaure, an san wurin da tsagewa, a yi masa waldar faranti kafin tashin farko mai ƙarfi.

Sai difarenshal mai riƙe tayoyi biyu. Ba tare da shi ba duk sauran aikin banza ne, taya ɗaya za ta yi ta juyi ɗayar na tsaye. Akwai masu yi wa haƙoran ciki walda don araha. A fili yana aiki, amma a kan titi ranar ruwa bayan mota na iya kufcewa a kwana ba gargaɗi, kuma yana cin dirabshaf. Motar da ke hawa titi ba ta dace da wannan ba.

Wanda ya fi kowa sa'a a wannan rukuni shi ne mai Mustang mai aksul guda: ta 1979 zuwa 2004 sanda huɗu ce masu karkata, ta 2005 zuwa 2014 sanda uku ce da sandar gicciye. Faranti mai ramuka da ke sauke bayan sandar ƙasa, da sandar sama mai saiti, sun isa su ba shi iko da mahaɗa. A tsofaffin a ƙarfafa akwatin da sanduna ke ɗaure a bodi, yana yagewa.

Kuɗinsa shi ne mafi ƙanƙanta, ana kuma iya yin sa kashi-kashi. Iyakarsa ita ce in ƙarfin inji ya yi yawa, dirabshaf ne zai fara sallama.

Zaɓi na biyu: sifirin falle da sandar riƙo

Wannan na masu Hilux ne, da akori-kurar 504 wadda a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da tsofaffin motocin Amurka. Idan aka saki kuloci, hancin difarenshal na ƙoƙarin ɗagawa sama, rabin sifirin na gaba ya lanƙwashe kamar maciji, ya kai iyaka ya fizgo, taya ta yi tsalle, a sake zagayen. Sandar riƙo na hana wannan lanƙwasa.

Iri biyu ne. Mai araha sanda ce da ke ɗaure ƙarƙashin aksul, kanta da ƙullin roba da ke bugun idon sifirin na gaba. Mai walda da ya iya aiki zai ƙera ta. Sharaɗin shi ne robar ta bugi idon sifirin daidai, ba tsakiyar falle ba, in ba haka ba za ta lanƙwasa shi dindindin. A bar gibin milimita 6 zuwa 12, na dama ya fi na hagu matsewa. Ɗaya irin kuwa, wanda samfurin Amurka mai suna CalTracs ya yi suna da shi, sandar tana tura wani faranti mai juyawa a idon gaba, shi kuma ya danna sifirin daga sama. Ramuka biyu ne a farantin: na sama ya fi duka, na ƙasa ya fi sanyi, kuma na ƙasan ya fi dacewa a fara da shi a kwalta mai ƙura. Ana saitinsa direba na zaune a kujerarsa, a juya sandar har fil ɗin farantin ya taɓa sifirin, sannan a ƙara kwatan juyi.

Ƙananan abubuwan da ake mantawa: a ɗaure fallayen rabin gaba da ƙarfi, a sassauta na baya. A guji bulo tsakanin aksul da sifirin, yana ƙara wa murɗi tsawon hannu. A sake ɗaure notocin da ke riƙe aksul bayan gwajin farko. Kuma tunda bayan akori-kura ba nauyi, mayar da batir da tankin mai zuwa baya yana da tasiri sosai, muddin an ɗaure su da bolti ba da igiya ba.

Na waje, irin CalTracs, ɗaruruwan dala ne kaɗan, ana ɗaura shi a wuni ɗaya, yana da ƙarko, motar kuma tana ci gaba da ɗaukar kaya, sai dai bayan zai ƙara tauri da ƙara.

Zaɓi na uku: sandar tsani

Lada-ba ke nan a bakin masu sayar da kaya. Kowane gefe sanda ce mai siffar alwatika, tsawonta inci 32 zuwa 36, bayanta a ɗaure kam da aksul a wuri biyu, gabanta a bolti ɗaya. Wannan boltin shi ne mahaɗa, ba sai an yi dogon lissafi ba. Ka ɗaga shi rami ɗaya duka ya ƙaru, ka sauke shi ya yi sanyi. Ana farawa sandar ƙasa na kwance daidai da ƙasa, ko ta sunkuya gaba da digiri ɗaya zuwa biyu. Kyawunta ke nan: ramuka kaɗan ne, wuya a ɓace hanya, kuma abin da ta yi jiya shi za ta yi yau.

Aibinta biyu ne. Mahaɗarta gajera ce ba ta tsawaita, don haka in ramin ƙasa ma ya yi wa kwalta tsanani, sai dai ka koma ga shokazoba da iskar taya. Na biyu ya fi muni ga motar gari. Tsarin ba ya barin bodi ya karkata gefe. Duk shigar gidan mai a karkace, duk tudun rage gudu da taya ɗaya ta riga ɗaya hawa, murɗi ne a kan walda da kan sandar. A hankali tsagewa ke farawa. In kan gaba ya balle a kan gudu, aksul zai juya gefe ya tuƙa motar inda ya ga dama. Shi ya sa zoben tsaro da ke kewaye kan gaba wajibi ne, haka sandar gicciye da ke hana aksul zamewa hagu ko dama. Mota mai ƙafa-ƙafa kuma sai an nemo mata aksul guda, irin Ford 8.8 ko mai inci 9, ko na Hilux da ake samu a gida in faɗinsa da lissafin haƙoransa sun dace, a kuma yanka farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa difarenshal, a daidaita ta.

Zaɓi na huɗu: sanda huɗu ta tsere

Sanda biyu a kowane gefe, kowace da jerin ramuka gaba da baya. Mahaɗa na iya zama gajera, doguwa, sama ko ƙasa, haɗe-haɗe gommai. Babu tsarin da ya kai shi iya lallashin taya a kan ƙasa mai santsi, domin kana iya tsawaita mahaɗa ka sauke ta har nauyi ya sauka a natse. Amma a cikin ramukan nan 'yan kaɗan ne suka dace da motarka, sauran duk hanyar ɓata ce.

Aikin babba ne. Za a yanke ƙasan bodi, kujerar baya ta tafi, a gina sabon firam a haɗa shi da kejin tsaro. Dole aksul ya zauna daidai da tsakiyar mota, bambancin hagu da dama kada ya wuce milimita ɗaya ko biyu, in ba haka ba motar ba za ta taɓa tafiya a miƙe ba. In bututun ƙarfe mai ƙarfi nau'in 4130 ne, waldar agon mai tsinke yake so, ba waldar ƙofa da taga ba. Bolti ya zama mai lambar ƙarfi 10.9 ko sama, zaren kan sanda ya shiga aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa. Wajen saiti kana buƙatar sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, da takardar da ka zana mahaɗar kowane rami.

Murɗin farfela yana ɗauke nauyi daga tayar baya ta dama ya ɗora wa ta hagu, shi ya sa mota kan ja dama a tashi. A wannan tsari ana gajarta sandar sama ta dama, fuska ɗaya ta noti, wato kashi ɗaya cikin shida na juyi, a gwada, a sake. Wanda ya juya ta zagaye guda a lokaci ɗaya zai ga motar ta nufi hagu da zafi. Sandar hana karkata mai tauri tana rage buƙatar wannan gyara.

Kuɗinsa dubban daloli ne in an haɗa da aksul, shokazoba, keji da ladan aiki, kuma kawunan sanduna na ƙarfe ba sa jituwa da ƙura da ruwa, sai an riƙa dubawa ana sauyawa.

| Tsari | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari | Hawa titi |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara na kamfani | Kaɗan, kashi-kashi | Mai kyau | Mai sauƙi | Karyewar dirabshaf | Ba matsala |
| Sifirin falle da sandar riƙo | Kaɗan | Mai kyau ƙwarai | Wuni ɗaya | Lanƙwashe sifirin | Yana yiwuwa, da tauri |
| Sandar tsani | Matsakaici zuwa mai yawa | Mai kyau a fili kawai | Walda da yawa, saiti mai sauƙi | Ballewar kan gaba | Bai dace ba |
| Sanda huɗu | Mafi tsada | Sai da kulawa | Mafi wuya | Waldar da ba ta kama ba, saitin kuskure | Bai dace ba |

Abin da ya hau kan kowa

Kusurwar finiyon, wato sunkuyon hancin difarenshal idan aka gwada shi da layin farfela, ana saita ta ne don ta miƙe daidai lokacin da ƙarfi ya hau. Sifirin falle na son digiri 4 zuwa 6 ƙasa, sandunan kamfani masu bushin 2 zuwa 4, sandar tsani da sanda huɗu 1 zuwa 2. Ba ta ƙara kamu, tana kare gicciyen farfela ne. A sa wa farfelar ma zoben tsaro a gaba.

Shokazoba mai saiti biyu, matsewa daban miƙewa daban, shi ne kayan da kuɗinsa ya fi biyan sabulu. In bodi na fizgewa sama da sauri taya ta murƙushe, a taurara miƙewar baya. In taya ta kama sannan ta yi tsalle ta saki, a taurara matsewa. In tun daga tsaye take juyi ba ta ko lotsa ba, a sassauta miƙewar baya, a kuma sassauta miƙewar gaba don hanci ya tashi nauyi ya taho. Danna biyu na makunnin saitin shokazoba a kowane gwaji ya isa, kuma abu ɗaya ake canzawa.

Iskar taya: tayar tsere nau'in radiyal ana farawa wajen fam (PSI) 18 zuwa 20 a sauko da fam ɗaya-ɗaya, taya mai sulɓi ta zare wajen 12 zuwa 14, tayar titi kada ta sauka ƙasa da 24. Ta zaren tana yafe ɗan juyi ta sake kamawa, radiyal in ya saki ya saki, shi ya sa ta zaren ta fi sauƙin sha'ani a kwalta mai ƙura. A auna iska dab da kowane tashi, rana na ƙara ta. A ajiye waya a gefen tayar baya tana ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, a sa na'urar auna lokaci irin Dragy, a rubuta kowane sakamako. In za ka kai motar Jos, ka tuna garin ya kai mita 1,200 a sama, ya ninka tudun Abuja fiye da sau biyu. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk mita 300, dukansa a taya zai ragu, saitin da ke juyi a Abuja na iya kamawa har ya shaƙe inji a can, sai a ƙara juyin tashi ko iskar taya.

Wanne ne naka

In motar ita ce ta aiki ita ce ta tsere, BMW ce ko Lexus ko Marsandi, tsaya a zaɓi na ɗaya: taya, difarenshal mai riƙo, bushin, shokazoba, a wannan jeri. Mai Mustang mai aksul guda shi ma nan ne wurinsa, zai yi nisa sosai kafin ya buƙaci yanka. Mai Hilux ko 504 ya sa sandar riƙo ya mayar da nauyi baya, kada ya cire sifirin falle sai ya tabbatar shi ne ke riƙe shi. Wanda motarsa ta bar titi gaba ɗaya, ƙarfinta matsakaici, ba shi da sikeli kuma yana son abin da zai saita da sifana biyu, sandar tsani ce tasa. Sanda huɗu kuwa ta mai inji mai turbo ko nitrus (iskar ƙara wa inji ƙarfi) ne wanda ya riga ya karya dirabshaf, ya ƙure saitin shokazoba, yana da mai waldar da ya ga aikinsa a kan keji, kuma yana da filin da zai yi tashi goma sha biyar ko ashirin na gwaji kafin ranar tsere.